Kaset ɗin da Baba Ya Ce Ya Ƙona

Duk unguwarmu Kunne ake ce wa Babana. Har yaran da suka yi sa'ar jikokinsa Baba Kunne suke ce masa, kuma yana amsawa. Sunan ya bi shi ne tun yana saurayi mai koyon gyaran rediyo. Sai a kawo rediyo tana wani irin ƙara, maigidansa ya ɗauko sukundireba zai kwance ta gaba ɗaya, shi kuwa ya kara kunne ya ce, "Lasifikar ce ta yage." A buɗe a tarar haka ne. Har ya tsufa bai daina ba. Idan fankar ɗaki ta fara wani ɗan kuka da babu wanda ya ji, sai ya ajiye cokali ya ɗaga kai yana hararar ta kamar ta zage shi. Mama takan ce ta auri mutumin da yake jin tafiyar tururuwa, amma shekara goma tana cewa ya gyara ƙofar kicin bai ji ba.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi, tsakanin tela da mai aski. Wuri ne da mutum uku suke cika shi. Akwai tebur ɗaya, da benci, da ƙarfen liƙi wanda ba ya hucewa daga safe zuwa yamma, da gwangwanayen madara cike da sukurori. Sama kuma kantoci ne jere da tsofaffin rediyoyi da rikodoji waɗanda masu su suka kawo gyara ba su dawo ba. Warin dalma ya kama rigunansa har wanki ba ya fitar da shi.

Amma kafin shagon nan, Baba ya yi shekara goma sha ɗaya a situdiyo. Gyaran wata na'ura aka kira shi, mai situdiyon ya ga yadda yake saurare, ya ce masa gobe ma ya dawo. Ɗaki biyu ne a saman wani shagon magani, an manna kwalayen ƙwai da tsofaffin barguna a bango don kada ƙarar titi ta shigo, an sa gilashi a tsakani. Mawaƙi yana can gefe da makirufo, Baba yana nan gefe da na'urorin ɗaukar murya. A nan ya haɗu da Kanari.

Wanda ya tashi a zamaninmu ba sai an gaya masa wace ce Kanari ba. Ta zo situdiyon nan tana 'yar amshi, cikin 'yan mata huɗu da suke tsayawa a baya, kafin shekara uku babu motar haya da ba a jin muryarta a ciki. Kaset bakwai ta fitar, duka bakwan Baba ne ya ɗauka. A bangon kaset ɗin akan rubuta sunan mai situdiyo, da mai hoto, har da telan da ya yi mata ɗinki, amma ba a taɓa rubuta na Baba ba. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan haka ba.

Rana ɗaya kuma sai aka daina jin ta. Ba ta yi sallama da kowa ba, ba ta yi hira da 'yan jarida ba. Wasu suka ce aure ne, wasu suka ce asiri aka yi mata. Bayan shekara biyu situdiyon ma ya rufe, Baba ya kwashe kayan aikinsa ya dawo ƙarƙashin matakala. A gida ba ya sa waƙarta. Idan aka sako ta a rediyo sai ya rage murya. Mu a tunaninmu gundura ce, kamar yadda mai toya burodi ba ya ɗokin burodi.

Ni ce ta uku cikin mu biyar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ina aikin buga takardu a wani ofis, ina da aure da 'ya'ya biyu, kuma tun ina ƙarama nake son waƙoƙin Kanari. Shi ya sa da wata abokiyar aikina ta sa ni a zauren masoyanta na intanet ban fita ba.

Ban san akwai mutane irin waɗannan ba. Ba sauraro kawai suke yi ba, tarihi suke tonowa. Wace waƙa aka fara ɗauka, a wace shekara, wa ya kaɗa jita, me ya sa kaset na biyar ya fito da bango iri biyu. Wani zai ɗauko hoton tsohuwar jarida, a kwana uku ana gardama a kansa. Abin da ya fi cin ransu kuwa shi ne kaset na takwas. Wani tsohon makaɗi ya taɓa cewa Kanari ta ɗauki waƙoƙin gwaji wata uku kafin ta ɓace, ba a fitar da su ba. Shekara da shekaru suna neman su.

Wata rana shugaban zauren, wani malamin tarihi a makarantar sakandare da kowa yake ce wa Malam, ya rubuta cewa abin da ya rage musu shi ne mutumin da yake zama a bayan gilashi, don babu inda aka rubuta sunansa. Ina zaune a ofis na karanta, kaina ya yi wani irin girma. Ban yi shawara da kowa ba na rubuta, "Babana ne."

Da na gaya wa Baba sai da ya daɗe yana kallona.

"Uwata, wa ya aike ki?"

"Baba, tambayoyi kawai za su yi. Mutanen kirki ne."

"Ni ban san komai ba. Maɓalli nake dannawa."

Duk da haka ranar Asabar suka zo, su biyu. Malam, siriri mai tabarau da littafin rubutu mai baƙin bango, da wata mata mai shagon yadi da ake ce wa Anti, wadda ta haddace baitocin Kanari kaf. Suka zauna a benci, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Da farko Baba amsar e da a'a yake ba su yana ci gaba da liƙi. Sai Anti ta ce, "Baba, don Allah raba mana gardama. A waƙa ta uku ta kaset na biyu, kafin amshi, akwai wani ɗan sauti siriri. Shekara shida muna faɗa, wasu sun ce sarewa ce, wasu sun ce tsuntsu ne."

Baba ya ajiye ƙarfen liƙi. Ya yi dariya har sai da ya share ido.

"Ƙofa ce. Mai shagon maganin ƙasa ne ya turo ƙofa yana neman makullin banɗaki. Na ce a sake, ita kuwa ta ce a bar shi, ya zauna daidai."

Daga nan baki ya buɗe. Ya gaya musu ranar da mai ganga bai zo ba aka kaɗa kwalin sabulu, kuma waƙar ta fi kowace fita. Ya gaya musu Kanari ba ta iya waƙa da takalmi, sai ta cire ta ajiye a kan kujera. Ya tuna rana, ya tuna wata, ya tuna wanda ya yi mura. Malam yana ta rubutu. Ni kaina ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin labaran nan ba, ga shi a gidansa na girma.

Suka mayar da zuwa duk Asabar. Na lura Baba ya fara sa rigarsa mai kyau ranar Asabar, yana kuma share benci tun da safe. Ni nake buga abin da Malam ya rubuta. Ranar da na kawo wa Baba shafin da aka sa sunansa a ƙarƙashin kowane kaset, ya sa tabarau ya karanta sau biyu, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Da yamma Mama ta kira ni tana tambaya me aka yi wa Babanku yake ta fito a tsakar gida.

Sau uku suna tambayarsa kaset na takwas, sau uku yana cewa, "An ɗauka, amma an ƙona." A Asabar ta bakwai Malam ya rufe littafinsa ya ce, "Shi ke nan, sai mu rubuta cewa ya salwanta. Wataƙila ma ba wani abin kirki ba ne a ciki, tunda ita da kanta ta ƙi shi."

Ban ce da gangan ya faɗa ba. Amma na ga fuskar Baba ta canza.

"Ba abin kirki ba? Waƙa ta huɗu da ke ciki ta fi duk abin da ta taɓa yi. Da kun ji yadda ta shiga baiti na biyu..."

Ya yi shiru. Anti ta ce a hankali, "Da ke ciki, Baba?"

Baba ya tashi ya ja ƙofar shagon ya rufe da rana tsaka, ya taka benci ya sauko da wata tsohuwar rediyo mai jikin katako daga kantar sama. Ya kwance bayanta. Babu komai a cikinta sai wani ƙunshi a tsohon ɗankwalin Mama.

Kafin ya kunna sai da ya ba mu labarin. A watannin nan uku na ƙarshe muryar Kanari ta fara gardama. Sai ta ɗauko waƙa lafiya, in ta zo hawa sama sai muryar ta tsinke. Ta sha magunguna, ta daina shan ruwan sanyi, ta kori 'yan amshi da makaɗa don kada su ji, ya rage daga ita sai mai fiyano sai Baba. Daga baya likita ya gano wani ƙari a maƙogwaronta, ya ce sai an yi aiki, kuma ko an yi ba za ta sake waƙa ba. Ranar ƙarshe ta zagayo gefensa na gilashi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Kunne, ka ƙona shi. Kada wani mahaluƙi ya ji ni a haka." Ya ce, "An gama, uwar ɗakina." Washegari ta tambaye shi, ya rantse mata ya ƙona.

"Na kuwa ƙona kaset," in ji Baba, yana kallon ƙasa. "Wani fanko na ɗauka na jefa a wuta, don in na rantse bakina kada ya yi nauyi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Duk shekara nakan ɗauko shi in juya zaren da biro don kada ya manne."

Ya ce sharaɗinsa ɗaya, a ji da kunne a bar shi a nan. Ya miƙa wani faranti, Malam da Anti suka kashe wayoyinsu suka ɗora a kai. Ni bai miƙo mini ba. Wa zai tambayi 'yarsa? Wayata tana kan cinyata ƙarƙashin mayafi. Lokacin da ya juya baya yana saka kaset ɗin a rikoda, na danna ɗauka. Na gaya wa kaina don ni kaɗai ne, don in riƙa ji idan na gaji.

Waƙoƙi ukun farko guntaye ne, ana farawa ana tsayawa. Ta huɗu kuwa Baba bai yi ƙarya ba. Fiyano kaɗai ne da muryarta, ƙasa-ƙasa, kamar tana yi wa mutum ɗaya magana a ɗaki. Ta wuce baiti na farko, ta shiga na biyu, ta ɗauko hawa, sai muryar ta fashe ta yi wani ƙara kamar ɗan zakara mai koyon cara. Tari ya biyo baya. Sai aka ji ta ce, "Sake, Kunne, sake." Aka sake. Ta kuma fashewa a wuri ɗaya. Sau huɗu. A na huɗun ba ta ce a sake ba. Aka ji numfashinta a jikin makirufo, sannan ta ce, "Ta tafi, Kunne. Wallahi ta tafi." Kuka ya ci ƙarfinta, sai ƙarar maɓalli.

Anti ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Malam bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Da zai tafi ya riƙe hannun Baba da hannu biyu ya ce, "Za mu rubuta cewa an ƙona. Haka ta so, haka za a sani." Kuma sun cika alkawari, su biyun.

Ni ce ban cika ba, ni da ba a ma nemi alkawarina ba. Kwana biyu abin yana cina. Ina ganin 'yan zaure suna ta hasashe, ni kuwa ga shi a tafin hannuna. A rana ta uku na je gidan ƙanwar mijina, wadda ita ma ta mutu a kan Kanari, na sa mata a kunne. Ta roƙe ni, ta rantse da duk abin da ake rantsuwa da shi cewa daga ita ba zai wuce ba. Na tura mata.

Kwana biyar ya ɗauka. Da a ce waƙar ce ta yaɗu, da wataƙila na sami abin da zan kare kaina da shi. Amma wani ne can, wanda ba mu san shi ba, ya yanko daƙiƙa bakwai kacal, wurin da muryar ta fashe da inda ta ce "Sake, Kunne, sake." Aka ɗora a kan bidiyon motar da ta ƙi tashi. Aka ɗora a kan wani ƙato da ya faɗo daga babur, da akuya mai ƙoƙarin haura katanga. Kafin mako ya zagayo, ɗalibi in ya faɗi jarrabawa sai a ce masa sake, Kunne, sake. 'Yan ƙwallo suna faɗa, masu sayar da kaya suna faɗa. Yawancinsu ba su ma san muryar wace ce ba.

Baba a wayar mai aski ya fara ji. Mai askin ne ya leƙo yana dariya ya ce, "Baba Kunne, ashe ka yi suna!" Ya kunna masa. Tela ya ce mini Baba ya zare ƙarfen liƙi daga wuta, ya kulle shago ya tafi gida da ƙafa, hularsa ma a kan tebur ya bar ta.

Ranar Asabar Malam ya zo, fuskarsa duk ta faɗa. Ina wurin. Baba bai bar shi ya kai bakin ƙofa ba. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya tsaya a gefen titi yana nuna shi da yatsa.

"Maci amana! Waya biyu ka zo da ita, ko? Ka zauna a bencina, ka sha shayina, ka riƙe hannuna kana yi mini alkawari!"

"Baba, wallahi tallahi ba ni ba ne. Ban san yadda aka yi ba."

"Kai malami ne? Abin da kake koya wa 'ya'yan mutane ke nan? Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Mutane sun taru. Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya waiwayo ya kalle ni kamar mai neman wanda zai yi masa shaida. Na sunkuyar da kai. Ya juya ya tafi. Washegari ya cire duk tarihin da suka shekara tara suna tarawa daga zauren. Anti kuwa ta fita daga zauren, ta aiko mini da saƙo tana ba ni haƙuri, wai sun jawo wa mahaifina abin kunya.

Mako biyu na yi da abin a cikina. Baba ya daina zuwa shago, don duk inda ya bi sai wani ya jefo masa maganar, wasu da wasa, wasu ba su ma san shi ne Kunnen ba. Abinci sai Mama ta yi da gaske yake taɓawa. Ni kuma kullum ina zuwa gaishe shi, ina zama kusa da shi ina cewa Allah zai saka masa. Har da bakina na ce mutanen yanzu ba su da amana.

Wata safiya na same shi a tsakar gida ya kwance fankar Mama yana goge ta, alhali lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Uwata, kin ga abin da ya fi damuna? Na yarda da mutumin nan. Kunnena bai taɓa yaudarata a kan mutum ba, sai a kansa."

Nan na kasa. Na durƙusa na gaya masa komai, da wayar da ke ƙarƙashin mayafi, da ƙanwar mijina. Ina magana yana ci gaba da goge fiffiken fanka, har na gama. Na jira ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba.

"Kina tsaye," ya ce. "Kina tsaye a wurin na ci mutuncin bawan Allah a gaban jama'a."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Kwana uku ko na gaishe shi sai dai ya ɗaga kai. A rana ta huɗu ya aiko Mama ta ce in shirya in raka shi unguwa. Bai ce Uwata ba, cewa ya yi a gaya wa yarinyar nan.

Makarantar Malam muka fara zuwa. Muka jira a ƙarƙashin bishiya har aka tashi tara. Baba ya cire hula ya ba shi haƙuri a gaban sauran malamai, ya ce tunda a gaban mutane ya zage shi, a gaban mutane zai wanke shi. Bai faɗi wanda ya yi ba, amma Malam ya kalle ni sau ɗaya, na san ya gane. Sai Baba ya tambaye shi ko ya san inda Kanari take. Ashe ya sani. Shekara biyar da sanin gidan, bai taɓa zuwa ba, bai kuma gaya wa kowa a zaure ba. Ya ce wadda ta rufe ƙofarta da kanta ba a ƙwanƙwasa mata. Ya rubuta mana kwatance a 'yar takarda.

Gidan yana can ƙarshen gari, mota biyu muka hau. Ƙanwarta ce ta buɗe ƙofa. Da Baba ya faɗi ko shi wane ne, sai ta riƙe ƙugu.

"Au, kai ne? Kana da idon zuwa nan? Ka san kwana nawa ta yi ba ta fito ko tsakar gida ba?"

Ta yi ta faɗa, Baba yana tsaye da ƙunshinsa a hannu yana cewa, "Haka ne. Duk haka ne." Sai aka buga wani abu sau biyu daga ciki, kamar cokali a jikin kofi. Ƙanwar ta yi tsaki ta matsa mana.

Da a hanya na gan ta ba zan gane ta ba. Dattijuwa ce mai jiki, da furfura a gaban goshi, ta naɗe wuyanta da ɗan gyale. Tana zaune a kujerar roba a baranda, ga tukwanen furanni jere a gabanta. Baba ya durƙusa har ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ajiye ƙunshin kusa da ƙafarta.

"Uwar ɗakina."

Da ta buɗe baki sai da na matso kafin na ji. Muryar raɗa ce kawai, iska-iska, kowace kalma sai ta ja numfashi.

"Kunne. Ka tsufa."

"Na tsufa."

"Ka rantse mini."

"Na rantse. Ƙarya na yi."

"Me ya sa?"

Na zaci zai ce don tarihi, ko don masoyanta. Sai ya ce, "Na kai shi bakin wuta na kasa. Waƙa ta huɗun nan, ban taɓa ɗaukar abu kamarta ba, na ji kamar nawa ne ni ma. Da mutanen nan suka zo suna tambayata, suna rubuta abin da na faɗa, daɗi na ji. Shekara ashirin ba wanda ya tambaye ni komai. Daɗin ne ya kwashe ni na kunna musu. Ba wanda ya tilasta ni. Laifina ne daga farko har ƙarshe."

Da ya kai nan na gane ba zai ambace ni ba. Zai tashi mu tafi a haka, kuma ba zai taɓa tayar da maganar ba. Sai na ce, "Mama, ni ce na ɗauka a waya. Bai sani ba. Ni na tura wa wata."

Ta juyo ta dube ni sosai.

"'Yarka ce?"

"Ta uku," in ji Baba.

"Kina son waƙoƙina?"

Na ce e, hawaye yana zuba.

Ta gyaɗa kai. Ta ce jikarta mai shekara shida ta dawo daga makaranta rannan, tana ƙoƙarin ɗaure igiyar takalmi ta kasa, sai ta yi irin ƙaran nan na zakara ta ce sake, Kunne, sake, tana ta dariya. Ta ce, "Ta ce in maimaita ta ji ko na iya. Ba ta san ni ba ce. Ba ta taɓa jin muryata ta da ba. Wannan ce ta fara ji."

Baba ya kifa goshinsa a kan hannunsa. Can ya ce, "Ki yafe mana."

Ta daɗe tana kallon furanninta. Sannan ta ce, "Na ji." Ta yi wa ƙanwarta alama, ta zo ta ɗauke ƙunshin ta shiga da shi ciki. Ba mu san abin da aka yi da shi ba har yau. Ta sa aka kawo mana ruwa, muka sha don kunya, muka yi sallama. A mota, da muka kusa gida, Baba ya ce, "Gara da kika faɗa da bakinki."

Bayan wata biyu mutane suka gaji da wasan, suka koma kan wani. Baba ya koma shago. Malam ya mayar da tarihin, a wurin kaset na takwas ya rubuta layi ɗaya, cewa mai shi ba ta so a ji ba, ya kuma roƙi 'yan zaure duk mai guntun nan a waya ya goge. Wasu sun goge. Ni na fita daga zauren, kuma tsakanina da ƙanwar mijina sai gaisuwa, ko da yake na san ba ita ta fara ba. An ɗauki kusan rabin shekara kafin Baba ya sake ce mini Uwata, ranar ma ina jin suɓutar baki ce.

Yanzu duk farkon wata yakan rufe shago da azahar ya hau motocin nan biyu ya je gaishe ta. Wani lokaci a buɗe masa ya zauna a baranda minti goma, yawanci ba mai cewa komai. Wani lokaci ƙanwar ta ce tana hutawa, ya ce a gaishe ta, ya juyo. Ni ban sake komawa ba. Makon jiya ya tambaye ni ko zan raka shi, na ce aiki ya yi mini yawa a ofis. Ya ce to, Allah ya taimaka. Ba ni da wani aiki ranar.